Kan Ƙusa Ya Goge

A gidanmu na Rijiyar Lemo, murhun Kaka Yagana ne yake riga kowane kamawa da yamma, shi ne kuma na ƙarshen mutuwa. Gyaɗa take soyawa ta sayarwa, cikin rairayi a wani tsohon kasko, kuma sai bayan isha'i take zama aikin, wai da rana yara na cinye mata riba. Mu kuwa da daren ma ba mu fasa ba. Mukan kewaye ta, ni da ƙanwata Falmata da 'ya'yan maƙwabta, ido na kan bakinta, hannu na laluben kasko. In ta kama mutum sai ta ɗana masa ludayi a bayan hannu ba tare da ta yanke zancenta ba. Tatsuniyoyinta ba su cika daɗi ba. A wajen wasu tsofaffin mugu ne ke shan wuya a ƙarshe, amma a wajen Kaka kowa ma yana iya mutuwa.

Baba shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In ta so ambatonsa sai ta ce “mai motar nan”, domin direban haya ne. Shi ma haka ya yi da nasa ɗan farin, yayanmu Modu. Ban taɓa jin sunan Modu a bakin Baba ba, sai “wannan yaron”. Mutane na cewa kunya ce, amma kunyar ba ta hana hannu aiki ba. Akwai wani tsohon fambel na mota da Baba ya rataye a bayan ƙofarsa, kuma jikin Yaya Modu kaɗai ya sani. Da fari sai ya yi laifi ake sauko da shi: ya tafi ƙwallo, ya makara a Islamiyya. Daga baya laifin ya zama ba dole ba ne, ranar da ba a yi ciniki ba ma ta isa.

Daren da nake son faɗa, an dake shi bayan magariba, kuma abin da ya tsorata mu shi ne bai yi kuka ba. Mun ji ƙarar fambel, ba mu ji tasa ba. Ya fito ya zauna can jikin randa inda hasken wuta ba ya kaiwa. Kaka ta dube shi sau ɗaya, sannan ta ja kujerarta ta juya ta wajen tagar ɗakin Baba, wadda ke buɗe dab da madafa. Ta ce, “Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?” Muka ce mu ne. Ta fara da murya sama da wadda ta saba.

Wai an yi wani maƙeri mai ɗa guda, yaron kuwa ga yawo. Sai uban ya ƙera mari, ya kafa turke a cikin maƙera, ya haɗa su da wata ƙusa mai kai kusurwa shida, irin wadda ake murɗawa da awartaki. Ya sa wa yaron a ƙafa. Kullum in zai kwanta sai ya zo ya ƙara murɗa ta kaɗan, don ya samu barci. Yaro ya daina yawo, tunda ba hali. Ya daina roƙo. Ya daina kuka. Duk da haka maƙeri bai fasa murɗawa ba, domin hannunsa ya saba. Ƙusar ta kai iyakarta tuni, ba ta ƙara shiga, awartakin ne kawai ke cin kusurwoyinta, shi kuwa bai taɓa kawo fitila ya duba ba.

Ran nan wuta ta kama maƙera. Maƙeri ya shigo a guje da awartaki, ya kama kan ƙusa don ya kwance, awartaki ya zame. Ya sake kamawa, ya zame. Kan ya goge sumul, ba inda ƙarfe zai ciza. Ya sa hannu, ya sa haƙori, hayaƙi na cika ɗaki. A nan Kaka ta sassauta murya, ta kwaikwayi ta yaron: “Baba, bar ta. Ai ta ɗauru.” Maƙwabta suka janye maƙeri ta ƙarfi, rufin ya rufta.

Falmata ta fashe da kuka, tana tambaya ko yaron ya fita ta wata ƙofar. Kaka ta ci gaba da juya gyaɗarta, ta ce, “Da me za a kama ta, 'yar nan? Shi da kansa ya cinye wurin kamawar.” Sai ta ce ta ƙare, mu tashi, hayaƙi ya ishe ta. Muna miƙewa muka ji Baba ya yi gyaran murya, ya ja tagarsa ya rufe.

Na so a ce tatsuniyar ta yi aiki. Fambel ya huta na 'yan kwanaki, sannan ya dawo bakin aikinsa. Yaya Modu bai gama sakandare ba ya bi wata motar kaya, ya zama yaron mota, daga baya ya zama direba, ya yi aure a Potiskum. Ya zo jana'izar Kaka, amma a ƙofar gida ya tsaya. Yana shigowa Kano lodin kaya a kasuwar Singa, yana aiko wa Inna mahaifiyarmu saƙo, amma zauren gidanmu bai sake ganin ƙafarsa ba. Ni kuma na zama bakanike, ina da rumfata a wani gareji a Sabon Gari.

Bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da muryarsa ke tsayar da wasa a layinmu ya koma sai an juya shi a shimfiɗa. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗaga ido ya ce, “Wane ne?” In aka faɗa masa sai ya mayar da kai. Mun san wanda yake jira, ko da yake har a lokacin bai kira sunan ba. Na yi ta kiran Yaya Modu a waya, amsarsa ɗaya ce, Allah ya ba shi lafiya.

Ana cikin haka, wata safiya, sai ga shi a rumfata da ƙaramar motarsa ta kaya. Hon ya daina yi, direba kuwa a Kano gara a ce ba shi da madubi da a ce ba shi da hon. Wayar da ta tsinke tana ƙarƙashin sitiyari, sai an cire shi. Wani bakaniken hanya ya riga ya gwada. Bai da soket, sifanar da ke hawa kan ƙusa, daidai da bol ɗin, wato ƙusar da ke riƙe da sitiyarin, sai ya sa wanda ya ɗan fi shi girma, ya zura bututu a mariƙinsa don ƙarin ƙarfi, ya danna. Irin aikin da mu kanikawa muke yi in muna sauri, mu ce ai kusan ɗaya ne. Da na leƙa na ga kan bol ɗin, kusurwa shidan nan duk sun tafi, ya zama kamar kan maɓalli. Sai na ji ƙamshin gyaɗar Kaka a hancina.

Na cire kan batir, na fitar da jakar iskar da ke tsakiyar sitiyarin na ajiye gefe, na zuba mai a gindin bol ɗin na bar shi ya sha. Gaskiya ban yi sauri ba, ina so ya daɗe a kan bencina. Na kawo maganar Baba, ya ce in yi aikina. Na ɗauko soket da ya fi kan ƙanƙanta, na buga shi da guduma har ya hau, na murɗa a hankali. Ya ciza kamar zai yi, sai ya zame, ya ƙara cin abin da ya rage. Na ce masa Baba ba ya iya ɗaga hannun dama yanzu. Ya ce ya ji. Na gwada kurfi a gefen kan, ina bugu kaɗan-kaɗan, na ga in na matsa zan lalata sandar sitiyarin, na bari.

Ƙarshe na kira maƙwabcina mai walda. Muka rufe gaban motar da kujeru da jiƙaƙƙun buhuna, ya ɗora sabon noti a kan gogaggen kan ya narka su suka zama ɗaya. Muka jira ya huce. Na sa sifana, na ja, ya yi ƙara ɗaya ya saki. Daɗi ya kama ni fiye da yadda aikin ya cancanta. Na ɗora shi a tafin hannuna, baƙi ƙirin, na miƙa masa.

Na ce, “Yaya, ka gani? Ko kai ya goge, ana samun yadda za a kama.”

Ya karɓa ya juya shi. Na san ya gane inda na dosa, don shi ma yana wurin a daren nan, jikin randa.

Ya ce, “Ya fita. To yanzu mayar da shi za ka yi?”

Na ce a'a, sabo za a sa.

Ya ce, “Wannan fa?”

Kowane bakanike ya san inda irinsa ke zuwa, bola. Ya ajiye shi a kan benci, na gyara wayar, na ɗaure sitiyari da sabon bol, ya danna hon ya ji ya yi. Ya ba ni leda in kai wa Inna, ya tayar da mota. Daga garejin zuwa gidanmu ba nisa, amma hanyar Singa ya miƙa.

Da yamma na shiga wajen Baba. Inna ta riga ta faɗa masa wanda ya aiko da ledar. Bai tambaye ni dalilin da bai iso ba. Da bakinsa da ya karkace ya tambayi abin da ya sami motar, na faɗa masa. Ya tambayi yadda na cire, na ce da walda. Can ya ce, “Ka sa masa sabo?” Na ce na sa. Ya ce, “Ba ka dai ɗaure da yawa ba ko?”

Bai kai ƙarshen watan ba ya rasu. Yaya Modu ya iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Shekara da shekaru ina jin haushin Baba a kan cewa an yi masa tatsuniya guda don shi kaɗai, ya rufe taga bai ji ba. Yanzu na san ya ji, har ƙarshenta ya ji, ya kuma riƙe ta tsawon rayuwarsa, hannunsa ne dai bai tsaya ba. Wannan ya fi min ciwo a kan a ce bai ji ɗin ba. Na kuma gane abin da ya sa Kaka ta hana Falmata wata ƙofar: ba ta son mu girma muna zaton kullum akwai mai walda a maƙwabta. Bol ɗin yana nan a aljihun akwatin kayan aikina. Ina da ɗan fari yanzu, ga shi da yawo kamar yaron maƙeri. Sunansa Modu, kuma da sunansa nake kiransa.