Durowar Haƙoran Famfara

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Kwaɓi ta yi a ɗakin haƙori na yara, kuma ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Idan ruɓa ta ci haƙorin yaro har ta kai ɓargo, likita ya kwashe saman ɓargon, ita ke miƙa masa maganin da za a ɗora wa sauran. Na dā wani ruwa ne mai duhu, a ɗiga a auduga. Warinsa ya kama mayafinta har ya bi ta gida.

Halinta guda ne ya sa iyaye ke shakkarta. Kafin su fita sai ta tare ƙofa ta ce, "In ya yi famfara, a kawo mini haƙorin." Ana kawowa kuwa, bayan shekaru, a ƙulle cikin leda. Ta fasa da filaya, ta leƙa ciki. Kullum baƙi ne, a bushe ƙayau. A wajenta alamar aiki ya yi kyau ke nan. Sai ta nannaɗe ta jefa durowar ƙasa, wadda ke yin ƙaras-ƙaras ko ba a taɓa ta ba. Mai shara ta rantse ba za ta ƙara goge wajen ba. Inna kan haɗu da ƙaton magidanci a titi ta ce masa, "Turmin haƙorinka na hagu yana wajena," ta wuce abinta.

Sabuwar likita ta zo da wani farin gari, ta ce tsohon ruwan ya yi ƙarfi, a daina. Inna ta kwaɓa garin ba don ranta ya so ba. A satin nan 'yarta ta kawo jikarta, 'yar shekara shida, ta kwana uku ba ta tauna.

"Likita, ban taɓa ganin cikin haƙorin da aka sa wa garin nan ba," in ji Inna. "A kan jikata zan gwada?"

"An gwada shi sosai, Inna. Ki yarda da ni."

Ta miƙa wa likita garin. Tsoro ta ji, tsoro na gaske, kada ta cuci yarinyar da hannunta.

Shekara huɗu ta jira. Ta yi ritaya, ta kwashe durowar zuwa gida, idonta ya dushe. Duk zuwan jikar sai ta ce, "Ƙawata, buɗe baki," ta latsa dasashin da yatsa. Yarinyar ta ce, "Kaka, gaisuwarki ke nan?"

Wata hantsi jikar ta shigo da haƙorin a tafin hannu. Inna ta fasa, ta kai kusa da ido, ba ta ga komai ba.

"Duba mini. Baƙi ne?"

"A'a, Kaka. Fari ne."

Inna ta zura tsinin allura. A ƙarƙashin garin ta ji wani abu mai tauri, sumul. Haƙorin ya yi wa kansa sabon rufi. Matacce ba ya haka.

"Naki da ransa ya fita," ta ce a hankali. "Kin tsira."

Yarinyar ta jawo durowar, ta tsaya tana kallon ɗaruruwan ƙulli.

"To waɗannan fa, Kaka?"

Inna ta ɗauki ƙulli guda, ta juya shi a hannu.

"Waɗannan tun a bakin masu su suka mutu. Ni na miƙa audugar."