Ƙayar Ƙofar Gwaggo

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka yi shela a Tambuwal cewa hukuma za ta raba gari da kangaye. Duk gidan da ba kowa a ciki za a rushe shi, a gina rumfunan kasuwa a wurin. Ina koyarwa a firamare lokacin, kuma na yaba da shirin, don akwai lungunan da macizai suka gaje.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana da gida mai ɗaki biyu kusa da marina. Kowace damina takan tafi Kebbe wurin ɗanta, ta riƙa dafa wa masu noma abinci, sai an kai gero rumbu ta dawo. In za ta tafi, takan ja reshen ƙaya ta tare bakin ƙofa. Haka kowa ke yi a unguwarmu, kuma ko yaro ya san ma'anarsa: mai gida ya yi tafiya, zai dawo.

Duba-garin da aka turo baƙo ne, kuma a tsakiyar damina ya zo. Ya ga ƙaya, ya ga ciyawa a kan katanga, ya shafa jan fenti. Na same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, gidan nan da mai shi. Tana Kebbe."

"Malam, na leƙa. Ko toka babu a murhu."

"Wa zai hura wuta a gidan da aka rufe?"

"To ka gani? Kai ma ka ce a rufe yake."

Bai tambayi mai unguwa ba, bai tambayi maƙwabci ko ɗaya ba. Ya ce ta zo da kanta cikin kwana bakwai. Ruwa ya cinye hanyar Kebbe. Mai jakin da na ba saƙo sai rana ta tara ya isa, an riga an rushe gidan.

Sai da kaka Gwaggo ta dawo, ɗauke da ƙullin gero a ka. Ta tsaya a filin gidan, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗana, mi ni yi musu? Ko ƙayar ce ba su gani ba?"

"Sun gani, Gwaggo."

Dutsen niƙanta kawai muka tono daga cikin ƙasa. Aka ɗora mata shi a kan jaki ta koma Kebbe, can ta rasu a ɗakin surukarta.

Rumfa ko ɗaya ba a gina ba. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta wurin zuwa makaranta, ina kallon mutane suna zuba shara daidai inda gadonta yake.