Graciana Tibbets da Gidan da Kamfanoni Suka Ƙi

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya Graciana a shekarar 1941 a Alder Fork, ƙauyenmu da ke bakin daji a tsaunukan jihar Kalifoniya ta Amurka. Mahaifinta Beñat Ithurralde makiyayin tumaki ne, mahaifiyarta Maddi kuwa tana dafa wa masu yankan katako abinci. Ta kammala sakandare a 1959, malamanta suka shaide ta da kyawun rubutu da taurin kai.

Aiki da aure

A 1960 ta kama aikin akawu a ofishin wani kamfanin inshora, inda ta shafe shekara talatin da takwas, har ya zamana da wuya a sami gida a ƙauyen da takardarsa ba ta bi ta hannunta ba. A 1964 ta auri Orval Tibbets, kafinta marar yawan magana, wanda ya gina musu gidan katako da hannunsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. Da Orval ya rasu a 2009, burinta ya zama ɗaya tak: kada ajali ya riske ta a ko'ina sai a gidan nan.

Shekarun tsufa

A 2018, da gobarar daji ta yawaita, kamfanin da ta yi wa hidima ya aiko mata da wasiƙa cewa ya janye inshorar gidanta. Ta nemi wasu biyar, kowanne ya ce a kai kasuwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Mama, gida a bakin daji ba inshora?" in ji babban ɗanta Lowell. "Ki tattara ki dawo birni wajena."

"Ji ɗan birni! Ni da na share maka majina a ɗakin nan, kai za ka faɗa mini inda zan kwana?"

Suka yi yarjejeniya: in wata ya ƙare ba ta samu ba, za ta bi shi. Mafaka ɗaya ta rage, wato asusun da aka tanada a jihar domin gidajen da kowa ya ƙi, mai tsada, kuma gobara kaɗai yake ɗauka. Sai dai za a turo mai duba gida, ga ciyawa da ƙaya masu saurin kama wuta sun kewaye shi, ita kuwa gwiwa ta ƙi. Ta aro awaki sittin wurin ɗan kawunta. Cikin kwana tara suka cinye komai, har da furanninta da wankin da ta shanya.

"Iya, wa ya yi miki wannan aiki?" in ji matar da ta zo dubawa.

"Leburori sittin, 'yar nan, kuma ko ɗaya bai nemi hutun rana ba."

Aka karɓi gidan, saura kwana biyu wata ya ƙare.

A watan Agustan 2021 wuta ta cinye rabin ƙauyen har da gidanta, Graciana ta tsira da jakar hannunta kawai. Asusun ya biya ginin, amma ban da kayan ciki, domin gini kaɗai ƙarfinta ya kai ta yi wa inshora. Kayan aikin Orval da hotunansa sun tafi ke nan. Abin da aka biya bai wuce na ɗaki biyu ba. Wannan karon Lowell bai yi gardama ba, hutu ya ɗauka ya zo ya kama guduma, aka sake gina mata gida a wurin.

Rasuwa

Ta tare a sabon gidan ranar 3 ga Maris 2023. Ta dubi ɗakin ta ce, "Ƙarami ne, amma ya ishi mutum ya mutu a ciki." 'Ya'yan suka yi dariya, suna zaton barkwancinta ne na kullum. Kwana goma sha ɗaya ta yi a cikinsa. Da hantsin ranar 14 ga wata ta cika a kan gadonta, tana da shekara tamanin da ɗaya. An binne ta a maƙabartar cocin ƙauyen, kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku, Lowell da Arlene da Dominika, da jikoki bakwai.