Likita Salim da Majinyacinsa na Roba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Janairu na 2025, Likita Salim Badaru ya rasu a haɗarin mota kan hanyar garin In Salah. Labarin ya iske ni a kasuwa ina cinikin ragon sunan jikana. Sai na saki igiyar ragon, na nemi dakali na zauna.

Ni ba mai ilimi ba ne, Likita. Da furfurata na shiga lekkol, makarantar manya ta yamma, bayan na rufe shagon ɗinki. Amma hannun nan da ya koyi riƙe alƙalami a makare ba zai bari a rufe ka ban ce komai ba.

Mun san ka ne ta dalilin 'yata Zuhura. An ga ƙari a mahaifarta tana amarya. An ɗauki hoton cikinta a wani asibiti can gida Nijar, aka sa wa kwamfuta hoton, ita kuma ta fitar da lissafin yanayin ƙarin, abin da idon mutum ba ya gani. Lissafin ya nuna mugu ne. Aka fara maganar cire mahaifar. Uwarta Rakiyatu ta daina cin abinci.

Da muka zo maka a nan Tamanrasset, ka gaishe ni da Hausar Agadas, garin mahaifiyarka. Ka daɗe kana duban hoton, sannan ka ce:

"Baba, kai tela ne. In ka gwada mutum da mitar awon da ta saki, ka yanka yadi da wata mitar, rigar za ta zauna?"

Na ce, "Sai dai a ba ƙanensa."

Ka yi dariya, ka ce na'urorin ɗaukar hoto ma haka suke. Kowace da irin saitinta, kowane likita da yadda yake zagaye ƙari a jikin hoton kafin kwamfuta ta auna. Lissafin ba ƙarya ya yi ba, an dai auna da wata mita, aka karanta da wata. Ka ce ba za a taɓa yarinya da wuƙa ba sai an sake ɗauka bisa ƙa'ida ɗaya, wadda kai da abokan aikinka na arewa kuke ta fama kowane asibiti ya bi.

A ranar muka san Illo. Wani dunƙulen roba ne mai kama da kabewa, na gwajin na'urar hoto, ma'aikatanka suka raɗa masa sunan. Kai ka san abin da ke cikinsa sarai, don haka kafin ka yarda da na'ura sai ka fara kwantar da shi a ciki, ka ga ko za ta faɗi gaskiya a kansa. Matan da ke jiran layi ba su so haka ba. Wata tsohuwa, Larai, ta ɗaga murya:

"Likita, Illon nan ɗan uban wa ne da kullum yake riga mu shiga? Ko ciwon kai ba ya yi!"

Ka ce, "Inna, shi kaɗai ne majinyacina da ba ya ɓoye mini komai."

Sabon hoton ya nuna ƙarin ba mugu ba ne. Duk da haka ba ka tsaya ga kwamfuta ba, sai da aka gwada tsokar aka tabbatar. Aka cire ƙarin, aka bar mahaifar. Ka ce mu riƙa dawowa wannan na'urar dai, kada mu yi ta sauye-sauye, domin hoton bana ya iya magana da na bara.

Ga shi Zuhura ta sauka lafiya, namiji. Wallahi tun da nake ban taɓa farin ciki irin wannan ba. Na yi ta raba dabino har ga waɗanda ban sani ba. Na je asibiti in gayyace ka suna, aka ce ka tafi In Salah da Illo, za ka daidaita na'urarsu da tamu, don mai ciwo a can ya samu irin amsar da za a ba shi a nan. A hanyar dawowa ajali ya same ka.

Mun yi sunan. Liman ya raɗa masa Salim. Ina dariya ina share hawaye, har Rakiyatu ta ce in zaɓi ɗaya. Na kasa.

Roƙona ga abokan aikinka: kada a ajiye Illo a lungu. Akwai 'ya'yan mutane da yawa a bayan Zuhura.

Allah Ya jiƙanka, Likita, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa wahalar da ka sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Hawwa, da mai ɗakinka Sa'adiyya, da 'ya'yanka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. In an share makoki, za mu kawo muku takwaransa ku ɗauka.

Mamman Sadiƙu, tela, Tamanrasset