Mutum na Tara a Hoton Ƙaura

Laraba: Zariya zuwa Boɗinga

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida da 'yar jakata, a cikinta kaya kala biyu, da rikoda, da hoto ɗaya da na naɗe cikin tsohon ɗankwalin matata. Hoton nan shi ne dalilin tafiyar.

Ni malamin makaranta ne, amma duk Asabar ina cikin 'yan sa-kai da ke taruwa a wani tsohon sito na reluwe, muna goge fitilu da ƙararrawa, muna ƙwato takardu daga bakin gara. A nan muka tsinci hoton: leburorin layin dogo su tara a jere, ƙarfen dogo kwance a gabansu. An rubuta sunayensu a baya, gara ta cinye, ta bar mana kalmar "Ƙaura" kaɗai, wato garin da layin dogon ya tsaya. Muka ce ba za mu rataye mutane ba suna ba. Da labarin hoton ya bazu, sai wani ɗan fansho a Gusau ya aiko mana cewa mutum ɗaya ya rage da ya san su, wani Ummaru mutumin Shagari, kuma ya tsufa ƙwarai. In ya tafi, sunayen sun bi shi. Muka wanko babban kwafi, aka ce ni da Alhaji Ɗanlami mu je.

Alhaji Ɗanlami tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma bai yarda mota abin hawa ba ce. Motarmu ta tashi ƙarfe bakwai saura kwata, tun kafin mu kai Giwa ya fara koya wa direba tuƙi.

"Baba, jirginku yana kauce wa rami?" in ji direban.

"Ba ya kaucewa, don hanyarmu ba ta da shi."

Muka karya da koko da ƙosai a Funtuwa. Daga nan zuwa Gusau na ƙirga shingen bincike har na gaji na daina. A ɗaya wani soja ya sa na kwance ɗankwalin, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce na uku daga hagu kamar kakansa. Na ce ya sunan kakan, ya ce ai wasa yake. Mun shiga Sakkwato ƙarfe uku da minti ashirin, muka sauya mota, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba muka sauka Boɗinga.

Mai masaukinmu Malam Bello tela, surukin Alhaji. Aka kawo fura da nono mai sanyi, daga baya tuwon dawa da miyar sure. Da ya ji abin da ya kawo mu, dariya ya yi har ya ajiye cokali.

"Tarihin jirgin ƙasa kunka taho biɗa nan? Mu da jirgin ya ishe Ƙaura yac ce ya gaji? Ku dai ku ci tuwo, shi aƙ ƙwarai."

Gaskiyarsa, dogo bai taɓa isowa nan ba. Amma mutanen nan sun je wa dogo, kuma haka na gaya masa.

Alhamis da safe: Shagari

Ƙarfe bakwai muka shiga wata mota da ta kwana da albasa. Rabin awa ce tafiyar, amma har yau jakata ba ta daina wari ba. A tashar Shagari na tari wani ɗan kabu-kabu, na ce muna neman tsoho Ummaru wanda ya yi aikin jirgi.

"Ummaru mai jirgi? Wa ab bai san shi ba? Ku hau."

Na dubi Alhaji ina jin kaina, wai ga aiki ya zo da sauƙi. Babura biyu suka kwashe mu, muka bar kwalta, muka ratsa gonaki, sai ga mu a bakin ruwa. Wani dattijo yana zaune yana ɗinkin taru, kwalekwalensa a ɗaure. Muka gaisa har da durƙusawa. Na kunna rikoda, na tambaye shi shekara nawa ya yi yana aikin jirgi.

"Tun ina yaro. Ga shi nan, in ƙetarewa za ku yi."

Alhaji ya kama ciki don dariya. Laifina ne, a Zariya in ka ce jirgi kowa tasha yake dubawa, na manta akwai inda jirgi na ruwa ne tun kafin a haifi na ƙasa. Dattijon bai ji haushi ba. Da muka yi masa bayani sai ya ce, "Af, Ummaru Diga kuka biɗa. Shina can wajen Kajiji. Abokin wasana na, ku ce mai na ce har yau bai iya ruwa ba." Ya ba mu busasshen kifi, wai ladan dariyar da muka sa shi.

Alhamis da rana: wajen Kajiji

Mota ta sauke mu Kajiji ƙarfe sha ɗaya da rabi, babur ya ƙarasa da mu ƙauyen cikin minti ashirin da biyar, kan hanyar da ta sa Alhaji ya yi shiru karon farko tun Zariya. Muka tarar da Baba Ummaru a zaure kan buzu, doguwar sanda a gefensa. Ya amsa sallama da murya irin ta saurayi. Na isar da saƙon mai kwalekwale, ya yi dariya. Sannan na kwance hoton na miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Yana ta murmushi yana fuskantar ƙofa. A nan na gane Baba Ummaru ba ya gani.

Kwana biyu a hanya, ga mutumin a gabana da ransa da hankalinsa, ga hoton, amma ba abin da zai haɗa su. Ba wanda ya gaya mana, ni kuma ban tambaya ba.

"Ɗana, ka yi shiru. Mi kak kawo?"

Na ce hoto ne, Baba, na faɗa masa yadda yake: mutum tara a jere, dogo a gabansu, na farko daga hagu dogo ne siriri.

"Garba ke nan. In Garba na farko, to yadda muka tsayawa wurin ɗaukar ƙarfe sunka tsaya. Kowa da gurbinai, ba a sakewa. Sai dai sunayen ba su zo mani zaune hakanga, cikin kira suke. Akwai mai amshi cikinku?"

Ashe in za a ɗaga ƙarfen dogo, mai kira ne ke kiran kowane lebura da sunansa, sauran su amsa, don hannu ya tashi tare kada ƙarfe ya karya wani. Alhaji ya san wannan, ya sha ganinsu daga kan injin. Ya gyara zama ya ce a fara. Baba ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye.

"Ina Garba Dogo?"

"Ga shi riƙe," in ji Alhaji.

"Ina Lasisi?"

"Ga shi riƙe."

Na sa yatsa a kan hoton ina matsawa fuska bayan fuska. Audu Bazabarme. Tanko Kurma. Iliya na Kafanchan. Kafin a kai Okeke, maƙwabta sun cika ƙofar zaure suna amsawa tare da mu, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Ɗan'ige. Mamman Ƙarami. Sai Baba ya ja wata doguwar murya, "Ya tashi," ya zauna yana haki yana dariya.

Yatsana na kan na takwas. Saura ɗaya a ƙarshen layi, wani saurayi da ya karkata hula.

Na ce, "Baba, takwas ka kira, su kuwa tara ne."

Ya sake bin sunayen a hankali yana lanƙwasa yatsu. Takwas. Ya sake. Fara'arsa ta ragu, ya ce, "Subhanallahi. Wa nim mance? Mutum ya ɗauki ƙarfe tare da ni in mance shi?" Na ga abin ya dame shi ƙwarai, har na yi nadamar tambayar.

Daidai nan matarsa, Inna Hajo, ta shigo da ƙwaryar fura. Ta ajiye, ta ce a ba ta ta gani. Ta kai hoton bakin ƙofa wajen haske, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan mai karkatacciyar hula. Ta daɗe a nan, sannan ta juya wajen mijinta.

"Malam, kai an na tara. Ga kunnuwan nan, ba su sake ba."

Zauren ya ɗauki dariya. Alhaji ya buga cinya ya ce lallai, mai kira ba ya kiran kansa, shi ya sa.

"Hajo, yaya nike?" in ji Baba.

"Da dama-dama. Hular dai ta aro ta."

"Ta Garba ta," ya ce, yana share ido da bakin riga.

Inna ba ta mayar mini da hoton ba, ni ma ban tambaya ba, tunda na asali yana Zariya. Ta ce sai da ya baro aikin aka ɗaura musu aure, ba ta taɓa ganinsa a wannan shekarun ba sai yau. Da za mu tafi Baba ya riƙe hannuna ya ce, "In kun rubuta, ku kira su ko sau guda. Suna bisa takarda ba shi amsawa."

Juma'a da Asabar: komawa gida

Mun sake kwana wajen Malam Bello, wanda ya saurari rikodar sau uku sannan ya janye maganarsa ta tuwo. Juma'a ƙarfe shida da rabi muka bar Boɗinga, muka yi sallah a Gusau, na shiga gida ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malam Bello da iyalinsa, da mai kwalekwale da kifinsa, da Inna Hajo wadda idonta ya gama mana aikin.

Ranar Asabar muka rataye hoton a sito, sunaye tara a ƙasansa. Na kira lambar wani maƙwabcin Baba, ya kai masa wayar, na buɗe muryar wayata kowa ya ji. Alhaji ya yi kiran, mu goma sha biyu muna amsawa, tun daga Garba Dogo har Mamman Ƙarami. Da aka kai nan bai ce ya tashi ba. Ya matso kusa da wayar.

"Ina Ummaru mai kira?"

Muka bar wa mai sunan amshin. Can sai muryar tsohon ta fito daga wayar.

"Ga shi riƙe."