Farin Furen Ettore Balzani

Ettore Balzani ya gaji masaƙar ubansa a Torino ta ƙasar Italiya, amma ko kunna inji bai iya ba. Gidan rawar bale, rawar Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, shi ne ya cinye rayuwarsa. Shi ke saya wa 'yan rawa takalma, shi ke biyan likitan ƙafa, ran Lahadi kuma ya yi sharhin wasa a jarida da alƙalami mai kaifin tsiya.

Ya auri Ornella, tauraruwar gidan, kuma son gaskiya yake mata. Sai dai Ettore mutum ne da zuciyarsa ke son mace, take son namiji, ta kuwa kamu da Fausto, wanda ke ɗaga Ornella sama a dandali. Fausto ya sani, bai kuma ƙi ba. Ettore ne kunya ta hana sakat. Don kada 'yan jarida su yi masa shaguɓe a shagon kofi, bai taɓa yabon Fausto a rubuce ba. Mutumin da ke cika shafi a kan yatsan ƙafar baƙuwa!

Al'adar gidan, mace kaɗai ake miƙa wa furanni bayan wasa, ita kuma ta zari ɗaya ta ba abokin rawarta. Kullum Ettore sai ya aika wa Ornella jajaye, ya cusa fari ɗaya a tsakiya. Kullum farin Ornella ke zara. Shi a wautarsa, ya ɗauka dace ne.

Har furfura ta fito wa Ettore, gwiwar Fausto ta ƙare, aka sa ranar wasansa na bankwana. Da safen ranar suna shan kofi, Ornella ta ce, “Maigida, yau kada ka sa farin a cikin nawa. Na gaji da zama 'yar aike.”

Ya ƙware da kofi. “Wane fari?”

“Kai, tsohon nan! Makauniya ka aura? Bawan Allahn nan gobe zai koma ƙauyensu. Ka tashi da ƙafarka ka ba shi a gaban mutane.”

Ya sayi farin, ya ɓoye a cikin kwat. Aka gama wasa, tafi ya cika gidan. Ettore ya hango abokan aikinsa 'yan jarida a layin gaba, sai ya bar furen a cikin kwat. Ornella ta jira, ta jira, sannan ta zari ja ta ba Fausto. Fausto ya dubi furen, ya ɗaga kai ya nemo Ettore da ido. Ettore ya sunkuyar da kai yana ta tafi, kunya kamar ya nutse.

Washegari Ornella na kakkaɓe kwat, furen ya faɗo a murƙushe. Ta ajiye shi kusa da kofinsa.

“Duk zaman nan tsoro kake kada in sani in ji kunyarka,” in ji ta. “To, ban taɓa ji ba sai jiya.”