Gambi Tondi da Zancen Da'ira

A Ayoru, idan aka haɗa sabon jirgin ruwa, ba a ɗora masa ko buhun gero sai Gambi Tondi ta zo. 'Yar sorko ce, masuntan nan da ke da magana da kogi. Ubanta bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ita ya riƙa ɗauka cikin jirgi, ita ya koya wa kirarin ruwa da saiwoyin da ake jiƙawa. Aikinta ba shi da ado. Ƙwarya ce da ruwan kogi da garin magani a ƙullin tsumma. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta tofa, ta yayyafa, ta koma rumfarta ta busasshen kifi. Ta binne maza biyu, ta aurar da 'ya'ya huɗu, kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa ce mata aikinta da saura.

Sai Yaye ya dawo daga Lome. Ɗan ƙanenta ne, ya shekara goma sha biyu yana dako a bakin teku, ya dawo da farar hoda a gwangwani da kyandir da sabuwar sana'a. Duk wanda ya je wurinsa sai ya zaunar da shi a ƙasa, ya shata da'ira da hodar nan ta kewaye shi, kafin ya ce uffan.

"Gwaggo, magani ba da'ira ɗibar ruwa ne da kwando," in ji shi. "Ta nan ya shiga, ta can ya zube."

"Kai Yaye, ni na yanke maka cibi. Ubana ya shekara hamsin yana ratsa garken dorina. A kan ruwa ya shata tasa da'irar?"

"Zamaninsu daban."

"Kogin ne ya canza, ko kai ne ka ga teku?"

Ya yi dariya, mutanen gari kuwa suka bi hoda. Abin yana da kyan kallo. Mace za ta kawo wa Gambi ɗanta mai firgita, a gama tofi, ta tsaya tana waige-waige a ƙasa. "Inna, ba za a zagaye shi ba?" Tun Gambi tana bayani har ta koma tsaki.

Abin ya ci mata rai har ta rufe rumfa wata Lahadi, ranar kasuwa, ta shiga neman wanda zai mara mata baya. Ta fara da wani tsohon Bagurmance mai duban ƙasa. Ya ce shi layi yake ja da ɗigo-ɗigo, da'ira kuwa sai in zai kafa rumbu. Ta ji daɗi. Wani Bafulatani da ke ɗaure bakin kura ya ce ba ya zana komai, amma yana kewaya garke da ƙafa sau bakwai. Wannan ta rasa inda za ta sa shi. Wata Buzuwa mai sayar da tabarmi, wadda Gambi ta tabbata tata ce, ta ce, "A wurinmu wa zai kwana a daji bai ja zobe da bakin takobi ba? So kike aljanu su taka shi?"

"To in babu takobin fa?"

"Sai ki yi addu'a ki kwanta. Za ki sayi tabarmar ko kuwa?"

Ta koma gida da ciwon ƙafa. Ta fita neman a ce mata Yaye maƙaryaci ne, ta tarar kowa da irin kiɗan gidansu.

A shekarar ne Seini Hamma, mai safarar albasa zuwa Tillaberi, ya haɗa jirgi mafi girma a garin. Kafintoci suka gama, suka tura shi ruwa don katakon ya sha ya kumbura, kamar yadda aka saba. Gambi ta jiƙa saiwoyinta tana jira. Sai ta ji Seini ya kira Yaye. Yaye ya dubi jirgi ya ce hoda ba ta zama a kan ruwa, a fito da shi tudu. Ƙarti ashirin suka ja shi kan yashi. Da aka auna, hodar gwangwanin ba za ta kewaye ko rabinsa ba, sai aka aika a kawo wata.

Gambi ta je har inda Seini yake. "Ɗan nan, ka yi da'irarka, ba ruwana. Amma ɗanyen jirgi ba ya kwana a rana. Ka mayar da shi ruwa."

"Inna, ki bari dai. Kowa da ranarsa."

Kwana tara jirgin yana gasuwa a zafin bazara. Hoda ta iso, aka shata da'ira, aka kunna kyandir, aka yi guɗa. Da aka tura shi kogi, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa ta kowace gaɓa, har jirgin ya zauna a taɓo mutane suna kallo. Kafin la'asar magana ta gama gari: Gambi ce ta yi masa baki, ai an ga ta je ta yi gargaɗi.

Wannan ne ya fi ƙona ta. "Rana ta busar da katako, a ce ni ce? Ashe har rana nake aike!"

Kafintoci suka kwashe mako biyu suna cusa tsumma da kwalta. Ranar da suka gama, Seini ya zo rumfarta da sassafe, yana sosa ƙeya. Ya ce ta yi haƙuri, ta zo ta yi irin nata, amma kada Yaye ya ji. Kamar ta ƙi, sai ta tuna mutum nawa za su hau jirgin nan. Ta ɗauki ƙwarya ta bi shi. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta yi kirarin, ta tofa, ta yayyafa daga goshin jirgi zuwa gindinsa. Tana fitowa Seini ya matso.

"Inna, da'irar fa, ko 'yar ƙarama ce, da yatsan ƙafa. Don hankalina ya kwanta."

Sai ta juye masa sauran ruwan ƙwaryar a kan takalmi, ta hau tudu.

Jirgin yana nan yana kai albasa har yau. Yaye yana cewa da'irarsa ce ta kama daga baya. Gambi kuwa gwiwa ta hana ta sauka bakin kogi tun bara, ta koma gidan 'yarta ta biyu, tana tsinke zogale a inuwa tana faɗa da kaji.